Tafiya Ƙaro Karatu: Shekara 90 Ana Fita, Ana Dawowa

Kafin hukuma ta fara ɗaukar nauyin 'yan Arewa su tafi ƙaro karatu a ƙasashen waje, malamai aka fara kawo mana har gida. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a birnin Kano, aka ɗauko mata shehunai daga Sudan, mutanen da suka karanci fiƙihun Malikiyya irin namu, amma a aji mai benci da allon bango da jarrabawar ƙarshen shekara. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, wadda aka fi sani da SAS. Turawan mulki ba su zaɓi Sudan haka kawai ba. Ƙasa ce da ke hannunsu, sun san abin da ake koyarwa a Kwalejin Gordon ta Hartum, sun kuma san masu koyar da shi. Masar kuwa ɗari-ɗari suke yi da ita, don a can siyasar kishin ƙasa da ta kishin addini suke tafasa.

Fita neman ilimi dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Al-Maghili ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Usmanu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, Muhammadu al-Katsinawi masanin lissafi a Alƙahira ya rasu a 1741. Sai dai waɗancan da guzurinsu suke tafiya, su zaɓi malamin da ransu ya kwanta da shi, su dawo da ijaza in da rabon dawowa. Abin da ƙarni na 20 ya zo da shi dabam ne. Gwamnati ce take zaɓar ɗalibi, ta zaɓa masa ƙasa da kwas, ta biya, sannan ta zuba ido ya dawo ya yi mata aiki.

A 1945, yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, aka tura rukunin farko na malaman makarantun Arewa zuwa Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, cikinsu har da hedimastan Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da shekara ta zagayo Malam Aminu Kano ya bi sahu. Dabarun koyarwa aka tura su koyo, kwas ɗin ma ba mai tsawo ba ne. To amma Landan ta lokacin cike take da 'yan Afirka da 'yan Indiya masu maganar 'yancin kai, jam'iyyar Leba ta hau mulki, makomar ƙasashen da ake mallaka ita ce hirar kowane zaure. Tafawa Ɓalewa ya dawo ba da jimawa ba ya shiga majalisa. Aminu Kano ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, daga nan sai jam'iyyar NEPU. Malaman aji aka tura, 'yan siyasa suka sauko daga jirgi.

Hanyar Sudan ma ta buɗe ta ɗaya gefen. A 1954 aka tura wasu matasan malaman Larabci, cikinsu akwai Malam Abubakar Gumi da Malam Shehu Galadanci, zuwa Baktar-Ruda, kwalejin horar da malamai da ke kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Da gangan aka gina ta a karkara, don malamin da ya fito daga cikinta ya iya koyar da ɗan ƙauye. Da an bar wa irin waɗannan matasa zaɓi, ba shakka Azhar za su nufa, amma Masar ta Jamal Abdul Nasir ba wurin da Bature zai tura malami da kuɗinsa ba ne. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Galadanci ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato. Ta hanyar Landan kuwa, Muhammadu Bello, wanda ya zama lauya a can a 1956, ya kai ga kujerar Babban Jojin Najeriya a 1987.

Akan ba da labarin mutanen nan kamar wasu ne da Allah ya yi wa baiwar da na yanzu ba su da ita. Haziƙai ne, babu musu. Amma ni a ganina abin da ya fi raba su da na yau shi ne kujera tana jiransu. Gwamnatin Sardauna tana gaggawar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, Turawa suna haɗa kayansu, ofisoshi da kotuna da makarantu duk suna neman mai riƙe su. Kafin mutum ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe an san teburin da zai zauna. Ya sa hannu zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, gwamnati ita ma ta ɗaure kanta za ta ba shi aikin. Alkawarin ɓangare biyu ne.

Shekarun 1960 su ne suka fi dacewa a tsaya a kansu, domin a nan aka yi abin da ba a sake yin irinsa da yawa ba. Hukumar Ashby ta miƙa rahotonta a 1960 tana cewa ƙasa mai shirin mulkin kanta ba za ta dogara da Kwalejin Ibadan ita kaɗai ba, wadda har lokacin digirin Jami'ar Landan take bayarwa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Zariya, shugabanta na farko Norman Alexander mutumin New Zealand ne, malamanta galibi baƙi. Abin tambaya a lokacin shi ne yadda za a yi baƙin nan su tafi ba tare da jami'ar ta bi su ba.

Dubi yadda aka yi da Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, da kuɗin hukumar USAID. Malamanta suka taso da iyalansu suka tare a Samaru, kowa ya yi 'yan shekarunsa, suka sa hannu aka gina tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi. Ana cikin haka ana tsintar matasan da suka yi fice a digirin farko, a tura su Kansas su yi na biyu da na uku. Wanda ya tafi ya san sashen da zai dawo, ya san darasin da zai gada, ɗakin gwajin da zai yi aiki a ciki ana gina shi tun yana can. Baƙon da ke riƙe da kujerar shi ma ya san aro aka ba shi, kuma ana auna nasararsa da ko ya bar magaji. Ba ɗalibi ɗaya ake yi wa gata ba, sashe guda ake reno. Haka Jami'ar Pittsburgh ta yi da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, haka Jami'ar Ohio ta yi da kwalejin horar da malamai ta Kano wadda daga baya ta zama FCE. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ma a 1964 aka kafa ta da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma horar da matuƙa da injiniyoyi daga ƙasashen Afirka da dama. Zuwa 1966 ɗan ƙasa, Farfesa Ishaya Audu, ya karɓi shugabancin ABU.

Kada a ɗauka sadaka ce. Yaƙin cacar baka ake yi, Amurka tana tsoron kada Mosko ta riga ta shiga zukatan matasan da za su mulki Afirka. Manhajar da aka kawo ma sau da yawa an ɗinka ta ne da awon wani. Masanin da ya saba da gonar alkama mai faɗin gari guda, ana nome ta da tarakta, in ya ga gero da dawa da wake a kunya ɗaya sai ya ɗauka rashin sani ne. Sai da masu bincike irin su David Norman suka zauna a ƙauyukan kewayen Zariya shekara da shekaru, suna auna abin da manomi yake zubawa da abin da yake kwasa, kafin aka yarda a rubuce cewa haɗa shukar nan lissafi ne: tana rage asara in damina ta yi gardama, tana kuma biyan wahalar da aka sha a kanta. Wannan fahimta daga Samaru ta fita ta shiga littattafan aikin gona na duniya, Norman kuma ya ƙarasa aikinsa yana koyar da ita a Kansas.

Wannan shi ne gefen labarin da aka fi mantawa, wato masu zuwa. Murray Last ya zo daga Ingila ya yi rajistar digirinsa na uku a Ibadan, amma a Sakkwato ya yi karatun, a gaban Waziri Junaidu da littattafansa. Littafin da ya fitar a 1967 kan Daular Usmaniyya har yau ba a tsallake shi. Paul Newman ya fara zuwa Maiduguri a 1961 cikin matasan Amurka 'yan sa-kai, daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano, ya kuma rubuta nahawun Hausa mafi girma da ake da shi da Turanci. Daga Warso, daga Jamus, daga Sin, an yi ta turo ɗalibai su koyi Hausa a bakin masu ita. Zariya ta karɓi matasa daga kudancin Afirka lokacin da wariyar launin fata ta rufe musu ƙofa a gida. A sakandaren gwamnati kuwa, duk wanda ya yi karatu a shekarun 1970 zai tuna malamin lissafi Ba'indiye, ko na kimiyya ɗan Fakistan ko Filifin, ko na Turanci ɗan Gana. Har a 1987, da abubuwa suka fara lalacewa, Najeriya tana da ƙarfin kafa shirin tura ƙwararrunta su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da Fasifik.

Tarayyar Sobiyet ta shigo da nata salon. Ta buɗe Jami'ar Abotar Al'ummu a Mosko a 1960, ta sa mata sunan Patrice Lumumba bayan kashe shi. Gwamnatin farko ta Najeriya ba ta sake jiki da guraben karatun gurguzu ba, waɗanda suka tafi a lokacin sau da yawa ta bayan gida suka bi, suka dawo ana yi wa takardunsu kallon hadarin kaji. Yaƙin basasa ne ya sauya lissafi, da Mosko ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi. Daga nan hanya ta buɗe: shekara ɗaya ta koyon Rashanci, sannan biyar ko shida na injiniya ko likitanci, kyauta, har da alawus.

Ƙarshen wannan hanya shi ne Ajakuta. A 1979 aka ba kamfanin Sobiyet Tyazhpromexport kwangilar gina masana'antar ƙarfe a bakin Kwara, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980. Aka kwashi injiniyoyi da masu aikin hannu aka tura su Tarayyar Sobiyet da Indiya, suka tsaya gaban tanderu na gaske, suka koyi narka tama da gasa kwal da murza ƙarfe. Horon ya yi kyau, babu wanda ya taɓa cewa ba su iya ba. Suka dawo. Wasu sassan murza ƙarfe sun ɗan yi aiki, amma babban tanderun da aka gina komai dominsa ba a taɓa hura shi ba har yau, ko da yake tun 1994 ake cewa aikin ya kai kashi 98 cikin 100. Mutum ya tafi yana saurayi, ya dawo da sana'ar da ƙasa guda take buƙata, ya yi ritaya bai narka ko kilo ɗaya a gida ba. Kamar mai renon irin albasa ne, ya yi ta ban-ruwa har iri ya isa dashe, sannan ya waiwaya ya ga ba a gyara fadamar ba. Ilimin injiniya kuma ba ya jira. In aka shekara goma ba a taɓa na'ura ba, hannu ya manta, na'urar ma an daina yayinta.

A 1977, kuɗin mai na shigowa kamar ba za su ƙare ba, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin gaggawa na horar da masu fasahar matsakaicin mataki. Dubban matasa aka watsa kwalejojin fasaha a Amurka da Kanada da Faransa da ƙasashen gabashin Turai, su koyi lantarki, gini, safiyo, gyaran injuna. Tunanin daidai ne, domin ƙasa tana da injiniya mai zane amma ba ta da isassun masu mayar da zanen ya zama abu. Sai dai sun fara dawowa ne daidai lokacin da farashin mai ya karye, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Ga kuma tsohuwar cutarmu: tsarin albashin gwamnati yana fifita mai digiri a kan mai difloma ko da mai diflomar ne yake tayar da injin. Duk mai wayo a cikinsu sai ya nemi hanyar mayar da takardarsa digiri, ya koma ofis.

Inda koyon sana'a daga baƙi ya kama ƙasa sosai, a cikin masana'anta ne, ba a aji ba. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lankasha. Masaƙar UNTL ta zo da mutanen Hong Kong, Arewa Textiles da Japanawa, kamfanin haɗa Peugeot kuma ya buɗe a 1975 da Faransawa. A nan yaro yake tsayawa kusa da wanda ya iya, wata da watanni, har kunnensa ya san ƙarar injin mai lafiya. Wasu a tura su can gidan kamfanin su ga yadda ake yi, su dawo su zama fomanoni. Daga waɗannan wurare ƙwarewa ta tsiyaya ta shiga garejoji da Panteka. Jamusawa, waɗanda duniya take yabon tsarinsu na koyon sana'a, a kan wannan suka gina shi: kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta. Mun sha aiko tawaga ta je ta gano sirrin, alhali sirrin shi ne kamfanin yana raye. Da Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, makarantu ne suka rufe ba tare da an kira su da wannan suna ba.

Daga 1980 iska ta juya ta kowane ɓangare. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ce baƙon ɗalibi ya biya cikakken kuɗin karatunsa, jami'o'in Birtaniya suka gane cewa baƙo haja ce. A gida kuma shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Malamin Indiya ya lissafa abin da albashinsa zai zama in ya aika gida, ya haɗa kayansa. Ɗakunan karatu suka daina sayen mujallun bincike. Waɗanda aka horar a Kansas da Landan suka fara bin baƙin da suka gada, wasu Saudiyya, wasu Amurka, wasu kudancin Afirka. Gwamnatin soja ma ta taimaka: a 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin ABU ɗan Jamaika, aka jefa shi jirgi saboda bakinsa. Ba duka haɗin gwiwa ya mutu ba, Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt sun yi dogon bincike tare a yankin tafkin Chadi har farkon shekarun 2000. Amma ya zama abin nuni da yatsa.

Abin da ya maye gurbin kasuwa ce. Yajin aikin malaman jami'a, wanda ya ci wata takwas a 2022 kaɗai, da ƙarancin gurbi a fannin likitanci, suka sa duk mai hali ya nemi waje: Maleshiya, Indiya, Masar, Sudan, Yuganda, arewacin Saifurus, Yukren, Gana. Dillalan gurbin karatu suka buɗe ofisoshi, kowace jami'a da kamashon da take ba su. Karatun addini ya riƙe tasa hanyar, ta Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar da Jami'ar Afirka ta Hartum da ta Say a Nijar, kuma tasirin waɗanda suka dawo daga can a mumbarin masallatanmu labari ne mai zaman kansa. Can ƙasan kasuwar kuwa akwai inda ba a ma karatun. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024.

Gwamnatocin jihohi sun shiga da kuɗinsu, kuma wanda ya fi amo shi ne na Kano zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso tsakanin 2011 da 2015, musamman rukunin 501 da aka tura digiri na biyu. Siyasa ta sa yabo da suka duk sun wuce gona da iri, amma shirin da kansa ya nuna abu biyu a fili. 'Ya'yan talakawa da ba su taɓa mafarkin fasfo ba sun tafi, kuma da yawa sun dawo sun sami aji a jami'o'i da kwalejoji, domin lokacin ana buɗe sababbi, ana neman malamai. Waɗanda aka tura Jodan koyon tuƙin jirgi kuwa sun dawo sun tarar da abin da kowane sabon matuƙi yake tararwa a Najeriya: lasisi kaɗai ba ya sa kamfani ya ba ka jirgi, sai ka ƙara horo na musamman a kan samfurin jirgin, mai tsadar gaske, kamfanonin kuma 'yan kaɗan ne. Ga matsalar da ta addabi jihohi da dama, gwamna ya tura, wanda ya gaje shi ya ce bai ga kuɗin ba, yara su zauna a ƙasar mutane makaranta ta riƙe takardunsu. Tura 'yan mata karatun likita a Sudan yana da hujja mai ƙarfi, asibitocinmu suna kukan rashin likitoci mata, iyaye kuma a lokacin sun fi natsuwa da Hartum. Sai dai babu wanda ya tanadi abin da za a yi in Hartum ta kama da wuta.

Ta kuwa kama ranar 15 ga Afrilu 2023, shekara guda da 'yan makonni bayan ɗalibanmu na Yukren sun tsere ta iyakokin Folan da Romaniya da Hangari. An ga bas-bas cike da yara sun yi kwanaki a hamada a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su ta Aswan, wasu ta Fot Sudan. Kwasowar ta ɗauki hankalin kowa. Abin da ya biyo baya bai samu masu kallo ba. Yarinya tana aji huɗu a likitanci, jami'arta a rufe, babu mai sa hannu a takardar sakamakon darussanta, jami'ar gida kuma ba ta da ma'aunin da za ta auna abin da ta karanta. Hukumar likitoci ta riga ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet daga Yukren ba, kuma tana da gaskiyarta. Wasu aka mayar da su baya, wasu suka sake sabon lale a wata ƙasar.

A nan ne mutum yake ganin amfanin aikin da Turai ta yi a kan takarda. Shirin Erasmus ya fara a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11. Ba yawan kuɗi ne ya raya shi ba, alawus ɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Ɗalibi yana nan ɗan jami'arsa ta gida, ya je wata ƙasa zango ɗaya ko biyu, ba ya biyan kuɗin makaranta a can, kuma tun kafin ya tashi jami'o'in biyu sun sa hannu a kan darussan da zai ɗauka da makin da za a lissafa masa, a ma'aunin da ya ɗauki shekarar karatu a matsayin maki 60. Afirka tana da yarjejeniyar amincewa da takardun juna tun ta Arusha a 1981, aka sabunta ta a Adis Ababa a 2014. Amma daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kowane gari da jami'arsa, ɗalibai suna jin Hausar juna, ƙasa ɗaya, damina ɗaya, ƙwarin da ke cin gero ɗaya, duk da haka ɗalibin aikin gona ya je ya yi zango guda a ƙetaren iyaka a lissafa masa bai zama al'ada ba. Can digirin farko shekara uku ne da Faransanci, nan huɗu ko biyar da Turanci. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS sun ƙara nisan da babu shi a taswira.

Yanzu gwamnatin tarayya tana janye hannu. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon 2025, dalilinsa tsadar dala da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. A shekarar kuma aka sanar da dakatar da tallafin karatu na BEA, wanda ake yi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, bayan ɗalibansa sun daɗe suna kukan alawus ɗin da aka zaftare, ragowar ma ba ya zuwa a kan kari. Hujjar ita ce yawancin kwasa-kwasan akwai su a gida. Akwai gaskiya a ciki. Amma malamin da ya ƙi dawowa ya duba albashin da ke jiransa ne da ɗakin gwajin da babu wuta, kuma hana na bayansa fita ba zai kawo wutar ba.

Abin da ya fi kama da tsarin Samaru a yau ƙarami ne, ba ya kuma shiga kanun labarai. Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta fara a 2012 da tallafin Gidauniyar MacArthur, daga baya ta shiga jerin cibiyoyin da Bankin Duniya yake tallafa wa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sharaɗin shirin shi ne ba a sakin kuɗi sai an nuna sakamako, kuma cikin abin da ake ƙirgawa har da yawan ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashen yankin da yawan mata. Saboda haka cibiyar ta fita neman baƙi da kanta, ta tanadi koyar da Turanci ga masu Faransanci, aka sake ganin 'yan Nijar da na wasu maƙwabta suna digiri na biyu da na uku a Kano a kan gero da dawa da kiwo da ƙasar da ta gaji. ABU ma tana da irin wannan cibiya a kan cututtukan da aka yi wa sakaci. Kuɗin dai rance ne a wuyan gwamnatin tarayya, kuma na wa'adi ne. In wa'adin ya cika, kuɗin makaranta da na abincin baƙon ɗalibi zai koma kan kasafin jami'ar, wanda albashi yake cinye mafi yawansa.